Zoben Tumbi: Aikin Awa Ɗaya, Rainon Shekaru

A wurinmu, idan aka daɗe ba a ga mutum ba sai ya ɓullo ya yi ƙiba, abin da ake ce masa shi ne, "Lallai ka samu wuri." Amarya in ta murmure a ɗakin miji, sai dangi su ce ana kula da ita. Amma akwai ƙibar da ta wuce alamar wadata, kuma mai ita ne kaɗai ya san abin da yake ɗauke da shi. Gwiwa ta ƙi, har salla ta koma a kan kujera. Numfashi yana ɗaukewa cikin barci, mutum ya farka a firgice. Ga ciwon suga, ga hawan jini, ga ƙwayoyin magani safe da yamma. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mutum ɗaya cikin kowane takwas a duniya yana fama da teɓa, wato ƙibar da likitoci ke lissafawa cikin cututtuka.

Wanda ya kai wannan matsayi, ya rage cin abinci ya gaji, ya yi tattaki ya gaji, ya sha jiƙe-jiƙe ba adadi, wata rana zai ji labarin tiyatar rage ƙiba. Cikin ire-irenta kuwa, wadda ta fi kwanta wa mai tsoron wuƙa a rai ita ce ta zoben tumbi, domin ana ce masa ba za a yanke komai ba, aikin bai fi awa ɗaya ba, kuma in bai ji daɗinsa ba ana iya cirewa. Duk waɗannan maganganu gaskiya ne. Sai dai sun taƙaita ne ga ranar aiki, alhali ainihin al'amarin zoben yana cikin shekarun da za su biyo baya.

Yadda zoben yake

Zobe ne na roba mai laushi da ake kira silikon, wanda ake zagaya wuyan tumbi da shi, ƙasa kaɗan da inda bututun abinci ya sauka. Likita yana shigar da shi ta ƙananan huji huɗu ko biyar a fatar ciki, yana duban allon kyamara. Idan ya zauna, sai ya ware ɗan aljihu a samansa wanda bai fi ya ɗauki cokali ɗaya ko biyu na abinci ba, sauran tumbin kuma yana nan ƙasa yadda Allah ya halicce shi.

Cikin zoben akwai wata 'yar jaka mai kumbura kamar tayar keke. Siririn tiyo ya haɗa ta da wani ɗan maɓalli da ake dasawa a ƙarƙashin fatar ciki. Ta wannan maɓalli likita ke soka allura ya ƙara ruwan gishiri, zoben ya matse, ko ya zuƙe ruwan, zoben ya saki.

Mutane da yawa suna zaton abincin yana taruwa ne a aljihun sama har ya cika, shi ne mutum ke jin ƙoshi. Binciken da likitocin Jami'ar Monash ta birnin Melbourne a Ostireliya suka yi ya nuna cewa idan zoben ya zauna daidai, lomar da aka tauna sosai tana wucewa cikin ɗan lokaci kaɗan. Matsawar da bututun abinci ke yi don ya tura lomar ta ƙofar zoben ita ce ke taɓa jijiyoyin da ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi. Fahimtar wannan tana da muhimmanci, domin wanda ya ɗauka toshewa ce manufa zai riƙa roƙon likita ya ƙara matse masa, daga nan kuma yawancin wahalhalu ke farawa.

Tashensa da dushewarsa

A tsakiyar shekarun 1980 aka ƙirƙiro zoben da ake iya matsewa da sassautawa. Dakta Lubomyr Kuzmak ya yi nasa a jihar New Jersey ta Amurka, Dag Hallberg da Peter Forsell kuma suka yi nasu a Suwidin. A lokacin sai an tsaga ciki ake sa shi. A 1993 Dakta Mitiku Belachew, likita haifaffen Habasha da ke aiki a garin Huy na Beljiyam, ya sa zoben ta ƙananan huji, kuma daga nan aikin ya bazu a Turai da Ostireliya. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da samfurin Lap-Band a 2001, sannan a 2011 ta sassauta sharaɗin har ya haɗa da masu ƙibar da ba ta kai ta da ba, muddin suna da wata cuta da ƙibar ta jawo.

Shekarun nan zoben ya yi kasuwa. A 2011 fiye da kashi ɗaya cikin uku na dukkan tiyatar rage ƙiba a Amurka na zobe ne. Manyan allunan talla sun cika titunan kudancin California, har a ƙarshen shekarar hukumar ta aika wa wasu cibiyoyin tiyata takardar gargaɗi saboda tallan nasu ba ya bayyana haɗarin aikin yadda ya kamata. Gwamnan New Jersey na lokacin, Chris Christie, shi ma an sa masa a 2013. Amma a 2019 rabon zoben a Amurka ya faɗo ƙasa da kashi ɗaya cikin 100, kuma kamfanin da ke yin ɗaya samfurin, Realize, ya daina yinsa.

Abin da ya kawo wannan faɗuwa shi ne labarin da shekaru suka bayar. A 2011 Dakta Jacques Himpens da abokan aikinsa a Brussels suka bibiyi mutanen da aka sa wa zobe tsakanin 1994 da 1997. Cikin waɗanda aka samu bayan shekara 12 ko fiye, kusan rabi an riga an cire musu shi, kuma kusan shida cikin goma sun sake kwanciya a ɗakin tiyata. A 2017 wani bincike a Amurka ya duba mutum 25,042 da shirin inshorar gwamnati na Medicare ya biya wa kuɗin zobe. Kashi 18.5 cikin 100 an sake yi musu aiki, kuma kusan rabin kuɗin da aka kashe kan zoben gaba ɗaya ya tafi ne wajen gyara da cirewa.

Adalci ne a kawo ɗaya ɓangaren. Farfesa Paul O'Brien na Melbourne ya wallafa sakamakon mutum 3,227 a 2013. Ba wanda ya rasu a dalilin aikin, an cire zoben ga ƙasa da kashi 6 cikin 100, kuma waɗanda suka kai shekara 15 sun riƙe raguwar kashi 47 cikin 100 na rarar nauyinsu. Tun 2008 ma wani gwajinsu kan masu ciwon suga 60 ya nuna cewa cikin shekara biyu ciwon ya lafa ga kashi 73 cikin 100 na waɗanda aka sa wa zobe, yayin da a cikin masu shan magani da gyaran abinci kaɗai kashi 13 ne suka samu haka.

To, me ya sa zobe iri ɗaya ya ba da labari biyu? Wani ɓangare na amsar shi ne mutanen Brussels an yi musu aikin ne tun farkon zamaninsa, kafin a gyara salon sa shi. Amma babban bambancin shi ne raino. Cibiyar Melbourne ta gina aikinta kan bibiya: mara lafiya yana dawowa akai-akai, ana auna shi, ana tambayarsa yadda yake ci, ana ƙara ruwa ko a rage, shekara da shekaru. Inda aka samu wannan, zoben yana aiki. Inda aka sa shi aka sallami mutum, sai ya zama kaya.

Me mutum zai sa rai da shi?

Gwaji mafi girma da ya kwatanta manyan hanyoyin uku shi ne wanda aka yi a asibitoci 12 na Ingila, aka fitar da sakamakonsa a 2025. An raba mutum fiye da 1,300 ta hanyar ƙuri'a: wasu zobe, wasu yanke tumbi, inda ake cire kusan kashi huɗu cikin biyar nasa a bar shi siriri kamar ayaba, wasu kuma tiyatar kewaye, inda ake yin ƙaramin aljihu a haɗa shi kai tsaye da ƙaramin hanji. Bayan shekara uku, waɗanda suka zubar da rabin rarar nauyinsu ko fiye sun kai kashi 68 cikin 100 a masu kewaye, 41 a masu yanke tumbi, 25 a masu zobe.

Mu sauko da lissafin ƙasa. Mutum mai tsawon mita 1.7 da nauyin kilo 120, gwargwadon matsakaicin abin da aka gani a wannan gwaji, zai rage kimanin kilo 17 da zobe, 23 da yanke tumbi, 32 da kewaye. Kilo 17 ba abin rainawa ba ne, yana iya sauke hawan jini ya sauƙaƙa wa gwiwa. Amma mai kilo 120 da ya koma 103 har yanzu mai jiki ne, kuma gara ya san haka tun kafin ya sayar da fili ya biya kuɗin aiki.

Zama da zobe

Makonnin farko ruwa-ruwa ake sha, sai a koma abinci mai laushi da aka dama, sannan a hankali a dawo ga abincin gida bayan kamar wata ɗaya da rabi. A daidai wannan lokaci ake fara zuba ruwa a zoben. Samun daidaito yakan ɗauki ziyara da yawa a shekarar farko. Likitocin Melbourne sun kwatanta abin da fitilar kan titi. Idan mutum yana jin yunwa da wuri, yana neman ƙari, nauyi ba ya sauka, zoben ya yi sako-sako. Idan ƙaramin faranti yana isarsa, ya yi awa huɗu ko biyar bai tuna abinci ba, nauyi yana sauka rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako, an dace. Idan kuwa loma tana tsayawa, ga ƙwannafi, ga tari cikin dare, ga dawo da abinci, to ya matse da yawa kuma dole a rage.

Mai karatu ya auna wannan da yadda muke cin abinci. Tuwo ba a tauna shi, yanka loma ake yi a dangwali miya a haɗiye. Mai zobe ba zai ƙara yin haka ba. Lomarsa ba za ta wuce kan babban yatsa ba, sai ya tauna ta ta zama kamar kunu, ya haɗiye, ya dakata kafin ya sake kai hannu. Cin da zai yi cikin minti 20 bai kai abin da yaro zai ci ba. A akushi ɗaya da 'yan'uwa, kafin ya yi loma biyar an suɗe kwano. Burodi mai danƙo, shinkafar da ta caɓe, tsire, kilishi, balangu, ganda, rake, duk abin da ke da zare ko yake dunƙulewa yana iya tsayawa a ƙofar zoben. Wanda abin ya taɓa samu ya san shi: nauyi a ƙirji kamar an ɗora dutse, yawu yana ta taruwa, sai lomar ta dawo kafin a samu sauƙi. A gidan biki ko wurin walima, inda ake cewa "Haba, ci mana, ko ba ka ji daɗin girkin ba ne?", mutum yana bukatar ƙarfin zuciya da kuma iyalin da suka fahimci halin da yake ciki.

Akwai kuma tarko a ɗaya gefen. Zobe ba ya tare ruwa. Fura da nono mai sukari, kunun gyaɗa, shayi mai kauri, lemon kwalba, zoɓo mai zaƙi, duk suna wucewa salin-alin. Wanda aka matse wa zobe fiye da kima, nama da ganye suka gagare shi, a hankali sai ya koma ga waɗannan domin su ne ba sa ba shi wahala. Ƙarshenta yana amai kullum kuma ƙibar tana dawowa. Likitoci sun san wannan hali sarai, kuma maganinsa shi ne a sassauta zoben, ko da yake mara lafiya yakan zo ne yana neman a ƙara matsewa.

Azumi ma yana bukatar shiri. Mai zobe ba ya iya kwankwaɗar ruwa mai yawa a tashi ɗaya, ga zafin rana, ga gaggawar buɗa baki da ke sa a manta da tauna. Wanda bai daɗe da yin aikin ba ya tambayi likitansa kafin watan ya kama, addini kuma ya yi wa mara lafiya rangwame. Mace mai son haihuwa ana ba ta shawarar ta dakata shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin ta ɗauki ciki. A nan zoben yana da wata fa'ida ta gaske, domin ana iya zuƙe ruwansa idan laulayi ya yi tsanani.

Inda ake samun matsala

A ranar aiki, zobe ya fi sauran tiyatar rage ƙiba sauƙin haɗari, kuma da yake ba a taɓa hanji ba, ƙarancin sinadaran jiki bai kai na masu kewaye ba. Matsalolinsa daga baya suke zuwa. Tumbi yana iya zamewa ya turo ta cikin zoben, aljihun sama ya kumbura ya toshe hanya, kuma yawan amai na cikin abubuwan da ke jawo haka. Zoben yana iya cin bangon tumbi sannu a hankali har ya leƙa ciki, wani lokaci ba tare da ciwo ba, sai dai mutum ya ga yunwa ta dawo ko wurin maɓallin ya yi ja yana ruwa. Tiyon yana iya tsinkewa ko ya yi yoyo, maɓallin yana iya kifewa. Bututun abinci da ya shekara yana kokawa da ƙofar da ta matse yana iya buɗewa ya saki. Saurin rama kuma, ko ta wace hanya aka same shi, yana iya kawo tsakuwa a matsarmama.

Duk mai zobe ya riƙe wannan: ranar da ruwa ko yawu ya ƙi wucewa, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ciwo mai tsanani ya kama saman ciki, ba a kwana da shi a gida. Tumbin da ya zame aka bar shi a shaƙe yana iya rasa jini ya mutu. Taimakon farko shi ne a zuƙe ruwan zoben gaba ɗaya, kuma da wata allura ta musamman ake yi, wadda ba ta ɓarke robar maɓallin. Allurar kemis tana lalata shi.

Maganar "ai ana iya cirewa" ita ma tana son a tsaya a kanta. Cirewa wata tiyata ce da kuɗinta da haɗarinta. Zoben yana barin tabo a jikin tumbi, wanda ke sa aiki na biyu ya fi na farko wuya idan za a koma yanke tumbi ko kewaye. Yawancin waɗanda aka cire wa ba a yi musu wani aikin ba, nauyin yana dawowa, domin zoben bai canza yadda jiki ke kare kitsensa ba.

Wa ya kamata ya yi tunaninsa?

Likitoci suna amfani da ma'aunin BMI: a raba nauyi a kilo da tsawo a mita sau kansa. Mai tsawon mita 1.6 da kilo 90 yana kan 35, mai mita 1.7 da kilo 116 yana kan 40. Ƙa'idar da aka kafa a Amurka a 1991 ta ce tiyata ta dace da mai 40, ko mai 35 da ke da cuta kamar suga. A 2022 manyan ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sauko da ita zuwa 35, ko 30 ga mai irin waɗannan cututtuka. Wanda bai kai nan ba, tiyata ba tasa ba ce.

Yau kuma akwai abin da babu shi a zamanin tashen zobe. Allurar semaglutide, wadda Amurka ta amince da ita don rage ƙiba a 2021 da sunan Wegovy, ta rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyin jiki a babban gwajinta, wato kusan daidai da abin da zobe ya yi a gwajin Ingila. Tana da tsada, kuma waɗanda suka daina ta sun mayar da kusan kashi biyu cikin uku na abin da suka rage cikin shekara ɗaya. Duk da haka, wanda babban dalilinsa na son zobe shi ne gudun yanka, ya kamata likita ya zauna da shi a kan wannan hanya tukuna.

Ra'ayina shi ne zoben bai zama abin yarwa ba, amma masu dacewa da shi kaɗan ne: wanda ba ya fama da ƙwannafi mai tsanani, wanda ƙibarsa ta yawan cin abinci mai nauyi ce fiye da shan zaƙi, wanda ya yarda da raguwa matsakaiciya a hankali, kuma uwa uba, wanda ke zaune kusa da asibitin da zai riƙe shi shekara goma ko ashirin.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi shafar mutanenmu. Da yawa daga masu hali a Kano, Abuja ko Yamai, idan maganar tiyata ta taso, Masar, Indiya, Turkiyya ko Dubai suke nufa, su yi mako biyu su dawo. Ga wasu ayyukan hakan yana iya wadatarwa. Zobe kuwa ranar da aka sallame ka ko ruwan farko ba a zuba masa ba. Hausawa sun ce kowa ya ɗaure kura ya san yadda zai kwance ta. Kafin ka sayi tikitin jirgi, ka samu amsar waɗannan da sunan mutum da sunan asibiti: wa zai riƙa ƙara mini ruwa yana ragewa a garinmu? Yana da allurar da ta dace? In abinci ya toshe da tsakar dare, ina za a kai ni, kuma akwai mai iya cire zoben a can? Shi kuma likitan da zai yi aikin, ka tambaye shi zobe nawa ya sa a bara, nawa ya cire, kuma me ya sa ya zaɓa maka shi a kan sauran hanyoyin. Ka karɓo takardar da ke ɗauke da sunan samfurin da yawan ruwan da yake ɗauka, ka adana ta kamar fasfo.

Wanda kuma yake ɗauke da zobe a yanzu, ya shekara biyu ko uku ba wanda ya duba shi, yana dawo da abinci har ya saba, ya sani wannan ba daidai ba ne, kuma ba gazawarsa ba ce. Ya nemi likitan tiyatar ciki a asibitin koyarwa mafi kusa, a ɗauki hoton haɗiya a ga inda zoben yake zaune. Sau da yawa rage ruwa kaɗan ya isa ya mayar wa mutum da barcinsa da cin abincinsa, in kuma an ga zoben ya zame ko ya ci bango, gara a gane shi a ɗakin ganin likita da rana tsaka, tun bai kai ga ɗakin gaggawa ba. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.